Neman Koyarwa a Ƙasar Waje

Neman aikin koyarwa a makarantar kuɗi ta ƙasar waje daga shagon kwamfuta yake farawa, inda malamin Ikara ko Kudan zai biya a buga masa takardar neman aiki da Turancin da shi kansa sai ya duba ƙamus. Sai fasfo da shaidar hukumar rajistar malamai, TRCN. A Fabrairun 2023 Ingila ta ba wasu malaman Najeriya damar neman shaidar koyarwarta, amma kuɗin biza da jirgi kan lamushe raken gona guda a Makarfi. Ranar ganawa ta bidiyo kuwa, Bature na tambaya, sabis na ɗaukewa, akuya na amsawa daga bayan ɗaki. Galibi dai tafiyar a Zariya take tsayawa.