Tarin Tsohuwar Mota

Tsohuwar Peugeot 504, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, ba ta mutuwa farat ɗaya. Tari take farawa. Ka taka totur a kan tudu, ta tsaya nazari, salansa ta yi "fat-fat", mai Keke Napep ya wuce ka yana ɗaga maka hannu.

A gareji kowa likita ne. Mai shayi ya ce gurɓataccen mai ne, wani dattijo da ya zo faci ya ce sammu ne.

Bakanike na ƙwarai ba ya cewa uffan. Zai bar inji yana aiki, ya riƙa zare wayoyin fulogi huɗun nan ɗaya bayan ɗaya. Wadda ya zare inji ya ƙara rawa, silindarta ƙalau take. Wadda ya zare ba abin da ya canza, nan gawar take. (In ya daka tsalle yana salati, to kwayil na ba da wuta.) Sai ya kwance fulogin ya dubi bakinsa. Busasshiyar kunkunniya, fetur ya yi yawa, a duba kafireta. Fari fat, man bai isa ba, a duba filta da famfon mai. In kuwa jiƙe yake da baƙin mai, galibi ringi ya tafi, fara lissafi.

Amma wanda tun bai buɗe bonet ba ya ce, "Alhaji, sai an sauke inji," kuɗin makarantar 'ya'yansa ne ya taso. Karɓi makullinka ka yi gaba, ko da turi ne.