Yadda Ake Farautar Baƙin Man Turawa, a Kuma Lashe Shi Lafiya

Akwai wani baƙin mai da mutanen Ingila da na Ostareliya suke shafa wa burodi da sassafe, kuma duk wanda ya zauna da su ya san ba sa son a taɓa musu shi. Na Ingila sunansa Marmite, na Ostareliya kuwa Vegemite. Baƙi ne siɗik, yana sheƙi, gishirinsa kuma sai wanda ya lasa. Idan labarinsa ya zo kunnenka har kwaɗayi ya motsa, to zauna mu yi shawara tun kafin ka kai cokali baki. Mutane da yawa sun raba gari da abincin nan tun ranar da suka fara haɗuwa, alhali laifin ba nasa ba ne. Ni ina sonsa, kuma yana yi mini ciwo in ga an yanke masa hukunci a loma ɗaya.

Ka fara sanin abin da za ka nema. Ba cakulan ba ne, ba zuma ba ce, babu ruwansa da zaƙi. Da yis ake yinsa, ɗan'uwan wanda ke kumbura ƙullin burodi da fanke. Ana zuba wa yis ɗin gishiri a ɗumama shi, sai ƙwayoyinsa su narke da kansu. A tace ɓawon a zubar, a dafa ruwan har ya ƙone ya yi kauri, sannan a ƙara ruwan kayan lambu da kayan ƙamshi da sinadaran bitamin B. Wani masanin haɗa sinadarai Bajamushe, Justus von Liebig, shi ya gano tun a ƙarni na 19 cewa ana iya tattara yis haka a ci. Turawan Ingila suka kafa masana'antar Marmite a shekarar 1902 a garin Burton. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kawo cikas ga jigilarsa zuwa Ostareliya, sai wani ɗan kasuwa a birnin Melbourne, Fred Walker, ya sa wani masani mai suna Cyril Callister ya haɗa musu nasu. Haka Vegemite ya shiga kasuwa a 1923. Da farko ma bai samu karɓuwa ba, sai da aka yi shekaru ana lallashin jama'a kafin ya zama abin da uwa ke ba ɗanta tun yana rarrafe.

Na san tambayar da ke ranka, kuma tambaya ce ta gaskiya. Me ya sa aka kafa masana'antar a Burton? Domin gari ne na masu yin giya, kuma yis ɗin da ya rage musu bayan sun gama aikinsu shi ake saye a sarrafa. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Sai dai dafuwar da ake yi masa tana kashe yis ɗin, barasar kuma tana bin tururi, don haka abin da ke cikin kwalbar ba ya bugarwa ko da mutum ya shanye ta. Vegemite ma yana da takardar shaidar halal daga masu tantancewa a can Ostareliya. Duk da haka, in zuciyarka ba ta kwanta ba, ka tambayi malaminka, ka faɗa masa asalin abin yadda yake. In ya ce ka bari, ka bari. Ba abin da za ka rasa sai labari.

To, ina za a same shi? Kada ka wahalar da mai shagon unguwarku. Za ka ce Marmite, ya miƙo maka Maggi, ku yi ta jayayya har layi ya taru a bayanka. Manyan kantunan Legas da Abuja, inda baƙi 'yan ƙasashen waje ke sayayya, wani lokaci ana dacewa a cikinsu. Ka nufi kantar da ake jera zuma da man gyaɗa na shafawa, ka duba can ƙasa ko can lungu, domin ba kaya ne mai gudu ba, ba a ba shi wuri mai kyau. Hoto ya fi baki: nuna wa ma'aikaciyar kantin hoton kwalbar a waya. Ta Marmite 'yar ɓukutu ce mai tumbi, baƙa, da murfi ruwan ɗorawa da hoton tukunya a jikinta. Ta Vegemite miƙaƙƙiya ce, takardarta ruwan ɗorawa, sunan yana cikin jan tambari. Akwai kuma wani mai suna Bovril da kwalbarsa ke kama da ta Marmite, amma da jan murfi. Shi da naman shanu ake yinsa, wani abu ne daban, kada idonka ya rufe ka ɗauko shi. Kafin ka biya, juya kwalbar ka duba ranar lalacewa, don mai yiwuwa ta daɗe tana jiranka.

In kanti ya gagara, sai a koma ga tsohuwar hanya, wato saƙo. Kowane dangi ba ya rasa wani da ke karatu ko aikin asibiti a Landan ko Manchester. A nan sai an iya baki. Ba a farawa da kwalba. Sai ka gaishe shi, ka tambayi iyali da sanyi da aiki, sannan ka ce: “Yaya, in Allah Ya kawo ka hutun sallah, don Allah ka taho mini da Marmite, 'yar ƙaramar kwalba.” Zai yi shiru, sannan ya ce: “Kai kuwa wa ya ba ka labarin wannan abu? Mutane na saƙon turare da agogo, kai kana saƙon wahala?” Kada ka karaya. Ka dai jaddada masa ya sa ta cikin babbar jakar da za a auna, ya naɗe ta da riga. A filayen jirgin sama da yawa ana lissafa irin wannan mai cikin kayan ruwa, kuma abin da ya wuce mililita 100 ba ya shiga jakar hannu. Kwalabe da yawa sun ƙare tafiyarsu a kwandon jami'an tsaro, mai saƙo kuwa yana gida ya riga ya sayi burodi.

Ka kuma faɗa masa na wace ƙasa kake so. Akwai wani Marmite na ƙasar Niyu Zilan da wani kamfani daban, Sanitarium, ke yi, ya fi na Ingila zaƙi-zaƙi. Jamusawa suna da Vitam-R, mutanen Suwizalan suna da Cenovis. Kowa kuma nasa ne na ƙwarai, na maƙwabci jabu. Kada ka kuskura ka ce wa ɗan Ostareliya Marmite da Vegemite duk ɗaya ne, sai in kana da awa guda da ba ka da abin yi da ita.

In kuma ka sha wahalar nema, ka yi haƙuri, masu abin ma sun taɓa sha. Girgizar ƙasar da ta afka wa birnin Christchurch a 2011 ta lalata masana'antar Marmite ta Niyu Zilan, ya ɓace daga kantuna a 2012, bai dawo ba sai watan Maris na 2013. A tsakanin nan har gwanjon kwalabe aka riƙa yi a intanet da tsadar gaske. A Afirka ta Kudu kuwa, da gwamnati ta hana sayar da giya lokacin annobar korona a 2020, sai yis ya yi ƙaranci, Marmite ya yi ɓatan dabo.

Yanzu kwalba ta zo hannu. Wanke hannunka, ka kori yara daga kusa, ka buɗe murfin a hankali. Kada ka cusa hanci ciki. Riƙe ta nesa kaɗan ka bar ƙamshin ya zo da kansa. Za ka ji wani abu mai nauyi, mai gishiri-gishiri da ɗan ƙauri, kuma ina kyautata zaton za ka ce a ranka: “Ai na san wannan.” Ka san shi kuwa. Bahaushen da ya tashi da miyar kuka mai daddawa ya fi Ba'amurke shirin karɓar wannan ɗanɗano nesa ba kusa ba. Dalilin ma a fili yake. Kalwar da aka dafa aka rufe ta ruɓa ta zama daddawa, da yis ɗin da ya narke ya zama Marmite, duka biyun suna sakin sinadari iri ɗaya, gulutamet, wanda wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya gano a 1908 cewa shi ke ba abinci wannan armashi na romo. Shi ne kuma a cikin farin magi. Ka riƙe wannan da kyau, domin duk sirrin cinsa yana nan: ba wanda ke gutsurar ƙwallon daddawa ya tauna don ya gane ko tana da daɗi. Kaɗan ake sawa, ta gyara tukunya guda.

Saboda haka ajiye cokali. Cokali shi ne babban abokin gabar Marmite. Yawancin waɗanda ka gani a bidiyo suna yamutsa fuska suna neman ruwa, da cokali suka kamfata, suna zaton cakulan ne. A 2011, lokacin da firaministar Ostareliya Julia Gillard ta kai ziyara Amurka, Shugaba Barack Obama ya faɗa a gaban 'yan makaranta cewa Vegemite ba shi da daɗi ko kaɗan, ita kuma ta tsaya tana kare abincin ƙasarta. Da ni ne a wurin, tambaya ɗaya zan yi masa: “Ranka ya daɗe, wa ya shafa maka, kuma nawa ya shafa?”

Ga yadda ake yi. Yanka burodi, wanda ba shi da sukari da yawa ya fi dacewa. Gasa shi a kasko ko a tanda har bayansa ya yi ja, yana ƙaras-ƙaras. Tun yana da zafi ka shafa bota, kuma a nan kada ka yi rowa, bari ta narke ta shige cikin ƙofofin burodin har ta kai gefe. Sannan ka taɓa bakin wuƙa a cikin kwalbar, taɓawa kawai. Marmite yana da danƙo, zai biyo wuƙar da siririn zare, sai ka juya ta ka katse shi kafin ya ɗiga a rigarka. Vegemite ya fi tauri, yana zama inda aka ajiye shi. Ja shi a kan botar har ya zama zane-zanen ruwan ƙasa, kana hango burodin ta ƙarƙashi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima: in burodin ya yi baƙi wuluk, ka zarce, kankare rabi ka shafa wa wani yankin. Haɗa shayinka mai zafi da madara ka ajiye kusa, ka yi bisimilla.

Lomar farko ba ta da shaida, kada ka yanke hukunci da ita. Gishiri ne zai fara dukan harshenka, girarka ta ɗaga, wataƙila ka waiwaya ka harari wanda ya kawo saƙon. Ci gaba da tauna. Can sai ɗan ɗaci ya biyo baya, sannan wani ɗanɗano mai kama da romon nama da ya daɗe a wuta ya bazu a baki, alhali ko ƙwayar nama babu a ciki. Kurɓi shayi. A loma ta uku ake sanin gaskiya. Wasu a nan hannunsu ke komawa kan wuƙa ba su sani ba, wasu kuma su ture faranti su ce an yafe. Kamfanin Marmite da kansa ya san da haka, tun shekarun 1990 yake talla da cewa mutane kashi biyu ne a kansa, masu so da masu ƙi. Ni dai roƙona, in ka ƙi shi yau, ka sake ba shi dama bayan kwana biyu, da ƙasa da abin da ka shafa.

Akwai dalilin da ya sa nake ganin girman wannan baƙar kwalba fiye da daɗin baki. A ƙarshen shekarun 1920 wata likita 'yar Ingila, Lucy Wills, ta je birnin Bombay na Indiya tana binciken wani ƙarancin jini da ke kashe mata masu juna biyu, yawancinsu talakawa ma'aikatan masaƙa. Ta gano cewa Marmite, abu mai arha, yana tayar da su, ta wallafa sakamakon a 1931. Sinadarin da ke yin aikin daga baya aka gane shi ne folik asid, wanda yau ake ba mata a wurin awon ciki. Wannan ba ya nufin mai ciki ta bar maganin asibiti ta rungumi kwalba. Mai hawan jini ma ya yi hattara, domin kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyin Marmite gishiri ne. Wanda alkama ko sha'ir ke ba wa matsala shi ma ya karanta takardar jikin kwalbar tukuna.

In burodi ya gundure ka, kwalbar tana da sauran aiki. Yanka dafaffen ƙwai ko tumatir a kan burodin da ka shafa. Narka rabin ƙaramin cokali da bota da ɗan ruwan da aka dafa taliya a ciki, ka juya taliyar, abincin dare ya samu. Ko ka ɗiga kaɗan a miyar da ba ta samu nama ba, ka rage gishiri da dunƙule, ka yi shiru ka ji ko mutanen gida za su tambayi me aka sa. Ba ya bukatar firij. Gishirinsa ya isa ya tsare shi wata da watanni, in dai kana rufewa da kyau kuma ba ka mayar da wuƙa mai bota ciki.

Za ka so ka ba wasu su ɗanɗana, wannan dole ne. Amma don Allah kada ka ce wa yaro cakulan ne, zai daɗe bai yarda da kai ba. Kada kuma ka fara gwada shi a kan surukai. Nemi abokin wasanka, ka gasa masa burodi da hannunka, ka shafa masa daidai yadda ka koya, ka faɗa masa gaskiya cewa abin gishiri ne. In ya ce a ƙaro, ka ƙara masa yanki ɗaya, sannan ka ba shi lambar Yaya ya yi nasa saƙon.