Laifin wanda ke hagu ne

Ni dai a rigimar da ke tsakanin mai rubuta C++ da kwamfaila, ina bayan kwamfaila, ko da kuwa za a kore ni daga majalisa. Na san abin da ake yi mata. Mutum ya ƙirƙiri aji, ya raɗa masa suna Kudi, ya ɗora wa alamar ninkawa sabon aiki domin ta riƙa ninka kuɗin, ya rubuta kudi * 2 ta wuce lafiya lau. Sai ya juya, ya rubuta 2 * kudi, allo ya cika da jan rubutu, shi kuma ya hau tsine wa Bjarne Stroustrup, bawan Allah da ya fara aikin harshen tun 1979 a Bell Labs bai san da zamansa ba. Alhali kwamfaila tambaya ɗaya tak ta yi: wa ke tsaye a hagun alamar? Idan ka rubuta aikin a cikin ajin, wanda ke hagu shi ne mai gida, shi ake kira. A kudi * 2 mai gidan Kudi ne, kuma ya san aikin. A 2 * kudi mai gidan lamba ce tsirara, int, wadda ba ta da aji balle aiki, kuma kwamfaila ba za ta mayar da ita Kudi don ta faranta maka rai ba. Maganin shi ne ka fito da aikin waje, ya karɓi ɓangarorin biyu da sunansu.

Wannan tambayar ce dai ke bayan shahararren kukan nan na cout << kudi. Abin da ke hagu ostream ne, ba kai ka rubuta shi ba, ba ka da ikon cusa masa aiki. Dole a rubuta << a waje, a sa masa friend idan zai leƙa kayan sirrin ajin, ya kuma dawo da ostream ɗin domin a iya jera na gaba. Wanda ya manta, kwamfaila irin GCC zai jero masa duk wani << da ya sani a duniya, ɗaya bayan ɗaya, da dalilin ƙin kowanne, kamar maroƙin da ya samu gidan biki yana lissafa kakannin ango. Nan masu ƙorafi suke da gaskiya, ban musa ba: saƙon ya yi tsawo, kuma idan ka manta const a ƙarshen alamar < sannan ka zuba Kudi cikin std::set, yatsan zargi zai nuna can cikin stl_function.h, fayil ɗin da ko a mafarki ba ka taɓa buɗewa ba. Amma fa layin farko ya faɗi nau'in da ke hagu da na dama ƙarara. Mu ne muke gangarawa ƙasa da gudu muna salati, mu bar amsar a sama.

Wasu kuma cewa suke a yi yadda Java ta yi a 1995, a hana ɗora wa alamomi aiki kowa ya huta. To, a je a rubuta lissafin kuɗi da BigDecimal, inda a + b * c ke komawa a.add(b.multiply(c)), a dawo a ba ni labarin hutun. Ita kanta Java ɗin ta bar wa + ikon haɗa rubutu, ta ci abin da ta hana talakawanta. Python ma da ake yi wa kallon mai sauƙin kai ba ta tsira daga maganar hagu da dama ba, shi ya sa take da __radd__ kusa da __add__.

Wuri ɗaya ne nake rasa bakin kare C++. Domin a bambanta ++x da x++, sai an sa wa na biyun wani int wanda ba shi da suna, ba ya aikin fari balle na baƙi, zaune kawai yake a baka biyu don kwamfaila ta gane shi. Ka manta da shi, ta ƙi x++ ɗinka, ta sanar da kai cewa ba ka bayyana operator++(int) ba. Ko a nan ɗin ma, don Allah a duba, ta faɗi abin da ya ɓace da cikakken sunansa.