Masu Cewa Gidan Tarihi Yawon Shan Iska Ne, Ku Matso Kusa

To, masu taɓe baki, a shimfiɗa tabarma. Da an ce malamai su haɗa darasin aji da kayan gidan tarihi, sai ku ce an ƙirƙiro sabuwar hanyar tatsar iyaye. Alhaji na kasuwar Nguru tuni ya dafe aljihu. Malamin aji biyar a Gashuwa yana ƙirga makonnin da suka rage kafin jarrabawa. Liman kuma ya gyara zama, yana jiran a ambaci gunki. Kowa zai samu rabonsa, a dai bi layi.

Alhaji, ranka ya daɗe, kana da rabin gaskiya, amma rabi kawai. Irin fitar da kake ƙorafi a kai kowa ya san ta: a tara kuɗin mota, a zuba shinkafa a kula, a jera yara a ɗauki hoto, a dawo da magariba. Ka tambayi yaro me ya gani, ya ce taya ta fashe a hanya. Wannan yawo ne. Abin da ake nufi shi ne malami ya buɗe manhaja, ya ga batun wannan zangon, ya rubuta wa jami'in ilimantarwa na gidan tarihi takarda cewa ga abin da yarana ke karantawa. Kowane yaro ya tafi da tambayoyi a littafinsa, ya dawo da amsa, a duba a ba shi maki. In babu jan biro a ƙarshe, Alhaji, riƙe kuɗinka, ni ma ina bayanka.

"To me za su gani? Fasassun tukwane?" Haba, mutanen Yobe! Ku da kuke da kwalekwalen da duk Afirka ba a samu wanda ya girme shi ba? A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙar rijiya a Dufuna, cikin Ƙaramar Hukumar Fune, sai ya ci karo da itace mai tauri a ƙarƙashin ƙasa. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt ta Jamus suka tono shi daga zurfin kusan mita 5, sai ga kwalekwale mai tsawon mita 8.4, an sassaƙa shi daga gungume guda. Da aka auna shekarunsa sai aka samu kimanin 8,000. Ya girmi dalar Fir'aunan Masar da fiye da shekara 3,000. An kai shi Damaturu, ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.

Barebari, ku yi haƙuri, sai na faɗa. Shekara aru-aru kuna takawa a kansa da manyan riguna, sai da Bafulatani ya zo neman ruwan shanu ya tono muku tarihinku. Ku kuma Fulani kada ku ɗaga sanda da yawa, rijiya kuka je haƙa, ba bincike ba.

Yanzu kai malamin aji, mai kukan lokaci ba zai isa ba. Wa ya ce ka ƙara darasi? Wanda kake da shi za ka ba shi jiki. Ranar awon tsawo, fito da yara fili, ka auna mita 8.4 da igiya, ka zana siffar jirgin a ƙasa, faɗinsa kimanin rabin mita. Ka sa su zauna a ciki ɗaya bayan ɗaya, su ƙirga mutum nawa zai ɗauka. Lissafi ya shiga, kuma ba wanda ya yi gyangyaɗi. Ranar kimiyya ka tambaye su abin da ya hana itacen ruɓewa, ka kai su ga maganar laka mai danshi da ta hana iska isa gare shi. Ranar labarin ƙasa ka ce, me jirgi mai wannan girma yake yi a nan? Daga nan sai labarin zamanin da Tafkin Chadi ya ninka na yau sau da yawa, da yadda ruwa ya ja baya. Darasi uku daga gungume ɗaya, Malam, kuma ba ka tsallake ko layi ɗaya na manhaja ba.

Na ji wata Hajiya daga baya tana cewa Damaturu da nisa, ga tsadar mai, ga fargabar hanya. Gaskiya ne, Hajiya, kuma ba uwar da za a zarga don ta ji tsoro. Amma wa ya ce sai an hau mota? Yaran Nguru su taka da ƙafa zuwa tashar jirgin ƙasa. Layin dogon da ya taso daga Kano, ya ratsa Ringim da Malam Madori, a nan ya tsaya a 1930. Ka sa yaro ya tambaya: me ya sa Bature ya jawo ƙarfe har nan? Amsar tana bakin dattawan unguwa: gyaɗa, ƙaro, fatu da shanu. A gayyato tsohon ma'aikacin reluwe, a ba shi kujera a gaban aji. Wannan tattalin arziki ne da tarihi a zama ɗaya. Kuma yara nawa ne a garin suka san cewa Galadiman Borno, mai tsaron yammacin daular, a ƙasar Nguru ya zauna?

Badawa, kada ku yi dariya, na iso kanku. Kuna zuwa Gogaram lokacin bikin kamun kifi, ku dawo da labarin wanda ya kama babba. To ganuwar da Lawan Babuje ya kewaye garin da ita a ƙarni na 19 fa, kafin sarauta ta koma Gashuwa? An taɓa sa yaro ya auna ta da taki, ya zana ta? Ga Dagona a gefenku, inda tsuntsaye ke tasowa tun daga Turai su yi hunturu. Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya zo har can a 1989 don ya gan su. Mutum ya tsallako teku, ɗanku kuma yana haddace ƙaurar tsuntsaye daga allo, bai taɓa leƙawa ba.

Allah gafarta Malam, na ga ka yi shiru. Ba wanda ya ce a je a durƙusa wa wani abu. A Gidan Makama na Kano, ginin da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, yaro zai ga kayan yaƙi, kayan sana'a da tarihin ƙofofin birni. Kai da kanka kake yi mana wa'azi cewa a duba yadda ƙarshen magabata ya kasance, a ɗauki izina. Kufan Birnin Ngazargamu, kusa da Gaidam, wanda ya yi fiye da shekara 300 yana babban birnin Borno kafin ya faɗi a 1808, ai wa'azi ne da ba ya buƙatar lasifika.

Kai kuma saurayi mai waya a hannu, da kake cewa komai yana intanet, to faɗa mini abin da kakarka take kiran kowane ɓangare na masaƙa. Nemo a wayar, ina jira.

An yi shekaru darasin tarihi ba ya cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare, yanzu an dawo da shi. In aka bar shi a kan allo kaɗai, haddar sunaye zai koma. Muna da Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman a Gashuwa, da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013. Su koya wa malaman gobe yadda ake koyarwa da abin da ake gani a taɓa. Shugabannin makarantu su ware kusurwa ɗaya, yara su kawo tsohuwar ƙoshiya, koma, mazari ko kwabo mai huda, kowanne da takardar bayani. Iyaye kuma, in yaro ya zo da tambaya, kada a kore shi da "je ka tambayi malaminku".

Hedimasta, zangon nan ka zaɓi batu ɗaya da wuri ɗaya, ka fitar da aji ɗaya. In yaran suka dawo ba su ƙaru da komai ba, ku zo ku zolaye ni, na yarda.