Garin Da Babu Adaidaita

Fadoba, Italiya.

Zuwa ga taubashina, sarkin 'yan adaidaita, dodon fasinja,

Yaya Gwaggo da ƙafa? Yaya amarya da haƙuri da kai? Allah ya ba ta lada.

Saƙonka ya iso har sau uku, wai in je Benis, garin nan da ke cikin ruwa, in ɗauko maka hoto ka nuna wa 'yan majalisarku. To, na je ranar Lahadi, kuma albishirinka, na gano garin da in aka ajiye ka yunwa za ta kashe ka. Benis ba ta da kwalta. Ba mota, ba babur, ba adaidaita, ko keke an hana hawa a cikin tsohon garin. Hon ɗin nan da kake tashin mutanen Kurna da shi tun asuba, sai dai ka rataya shi a wuya.

Yuro talatin na ware wa tafiyar, domin kuɗin kwanon ɗakin Inna na gefe guda, ba na taɓa su. Kada ka ɗauko waya ka hau juya shi zuwa naira, na san halinka. A Benis mutum biyu sai su shanye yuro talatin a shayi, in suka zauna inda bai kamata ba. Don haka tun dare na yi dafa-duka na cika kula, na ƙulla dabino, na ɗauki gora. Jirgin ƙasa daga nan wajen yuro biyar ne, tafiyar rabin sa'a. Daga ƙarshe sai ya hau wata gada mai tsawon kusan kilomita huɗu, ruwa dama ruwa hagu. Nan ka faɗo min a rai, kai da ko dam ɗin Tiga aka ce a je yawon sallah sai ka ce ciki na ciwo.

Tun 2024 akwai ranakun da mai zuwa ya wuni ya koma sai ya biya kuɗin shiga gari, aƙalla yuro biyar. Ka ji fa, kuɗin ƙofa kamar gidan zu. Mu mazauna jihar Beneto an ɗauke mana, alhamdu lillahi.

Kana fitowa daga tasha ruwa ne a gabanka. Tsibirai 118 ne aka ɗinke da gadoji sama da 400, gidajen kuwa a kan gungumen itatuwa suke, waɗanda aka kafe cikin laka tun ɗaruruwan shekaru. Komai a jirgi yake tafiya: 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, masu kwasar shara, mai kai mara lafiya asibiti. Gawa ma a jirgi ake kai ta maƙabarta, domin maƙabartar tsibiri ce mai zaman kanta. Bas ɗinsu na ruwa yuro tara da rabi ne. Na gaishe shi daga nesa, na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Mu zo kan kwalekwalen da ka nace a kai. Gondola suke ce masa. Baƙi ne wuluk, dogo siriri, yana sheƙi kamar takalmin ango, matuƙin na tsaye a baya da filafili ɗaya tal. Rabin sa'a yuro casa'in, da dare ɗari da goma. Hukuma ce ta yanka farashin, babu tayi, babu albarka. Da kai ne, kai da ko gishirin naira hamsin sai ka taya, da kun wuni a bakin ruwan kuna yi, shi da Italiyanci kai da rantsuwa.

Amma wani dattijo da muke aiki tare ya riga ya ba ni sirrin. Kusa da kasuwar Riyalto akwai mashiga inda irin wannan kwalekwalen, wanda ba a yi wa ado ba, yake fito da mutane zuwa ɗaya gaɓar a kan yuro biyu. Matuƙa biyu ne, ɗaya gaba ɗaya baya. Na miƙa kuɗina na shiga. Wata tsohuwa ta shigo da jakar cefane, ta ƙi zama, ta tsaya ƙyam a tsakiya jirgin na rawa, ko gezau, kamar tana tsakar gidanta. Ruwan kore ne, yana ɗan warin gishiri da gansakuka, yana marin gindin gidaje a hankali. Tafiyar ba ta fi minti biyu ba, amma wallahi ta shiga raina. Wani yaro na roƙa ya ɗauke ni hoton da za ka gani. In ka kai majalisa ka faɗi gaskiya, na yuro biyu ne. Kada in ji ka ce ɗan kawunka ya sayi jirgi.

Daga nan na bi lunguna zuwa dandalin San Marko. Lungunan sun tuna min cikin birni wajen Kurmi, wani ma in ka buɗe hannuwa sai ka taɓa bango biyu. Dandalin kuwa, tsarki ya tabbata ga Allah da ya ba ɗan Adam basira. Hasumiyarsa ta kusa mita ɗari. Ta taɓa rushewa a 1902 suka sake gina ta yadda take. Akwai gidan shan gahawa da aka buɗe tun 1720, masu goge na kaɗawa a ƙofa, kuma in ka zauna har kuɗin kiɗan za ka biya. Ni a tsaye na saurara, kunne ba ya biyan haraji. Gahawata a wani lungu na sha, a tsaye bakin kanta, yuro ɗaya da rabi. Abin da 'yan gari ke yi ke nan. Kujera ce ke da tsada.

An hana zama a ƙasa a ci abinci a dandalin, an hana ba tantabaru hatsi tun 2008, duk akwai tara. Wanda doka ba ta hawa kansa shi ne wani farin tsuntsun teku da ya fi shirwa rashin kunya. A gabana wani ƙaton Bature ya ɗaga burodinsa zai kai baki, tsuntsun ya sauko ya fauce, ya bar shi da takarda a hannu da baki buɗe. Na ce ikon Allah, ashe taubashina yana da dangi a Turai.

Ruwan sha dai kyauta ne. Akwai famfunan ƙarfe a unguwanni, suna zuba dare da rana, ruwan da sanyi. A nan na cika gora na yi alwala, na sami wani lungu da ya ƙare a bakin ruwa na shimfiɗa rigar sanyina na yi azahar, babu wanda ya ce min kanzil. Fitar da ruwan ne ke da kuɗi: bayan gida yuro ɗaya da rabi. Mai shan shayi kofi uku irinka sai ya yi adashi.

Dafa-dukata a lambun gwamnati na ci ta, can gabashin gari. Unguwar ta fi ko'ina kwanta min. Shanya ce a kan igiya daga taga zuwa taga, tsofaffi na hira a benci, yara na ƙwallo. Sai dai ba su da yawa. A 1951 mutum sama da 170,000 ke zaune a tsohon garin. A 2022 sun kasa 50,000. Akwai kantin magani kusa da Riyalto da ya sa allon lantarki yana nuna adadin waɗanda suka rage. Haya ta yi tsada, gidaje sun koma masaukin baƙi, 'yan gari sun kwashe sun koma tudu. Ga ruwa kuma, wanda a Nuwamban 2019 ya hau santimita 187 ya shiga shaguna da ɗakunan mutane. Na daɗe a gaban allon nan. Tsadar da ta hana ni zama a kujera ita ta raba su da gidajen kakanninsu, kuma wanda ya bar gida don neman abinci ya san zafin wannan.

Da magariba na koma tasha, ƙafafu sun yi tsami, zuciya fes, da canjin yuro goma sha biyu a aljihu. Na haɗa su da kuɗin kwano. Tsarabarka maratayin makulli ne mai siffar kwalekwale, na yuro uku, ka sa wa adaidaitarka ko ta ji kunya ta daina mutuwa a tsakiyar titi.

Maganar kuɗin shara mu bari sai watan cika-ciki ya kama. Ka gaida Gwaggo da kyau, ka ce mata ina neman addu'a. Ka leƙa Inna ranar Juma'a ka ga ko kafinta ya zo, domin ina so a rufe ɗakin nan kafin ruwan farko. In ka sami mai tahowa, ka aiko min da kuka da daddawa da yaji. Ka ƙulle yajin da kyau, kuma kada ka ɗiba.

Naka har kullum,
Ɗan kawunka.