Zuwa ga Bazazzagi, sabon hedimastan tsakar gida

Bawana Bazazzagi, da fatan an sha fate lafiya. Labari ya riga ka zuwa Kano: wai ka kwashe 'ya'yanka daga firamaren unguwa, ka kafa farin allo a falo, ka naɗa kanka hedimasta, uwargida kuma mataimakiya ba albashi. Wai haka ake yi a Amurka. To, Allah ya taya riƙo. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne a ce mutumin Zariya, garin da ke cika mana baki da Barewa da Alhudahuda da jami'ar da aka buɗe tun 1962, shi ne ya rasa ajin da zai kai ɗansa.

Na san hujjarka, don ka ishe mu da ita. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta zaunar da malaman firamare kimanin 33,000 ta ba su jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa kawo maki 75 cikin 100. Gaskiya ne, ban musa ba. Mu ma dariyarmu ba ta da tsawo, tunda a 2024 sai da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Kano, yara na zaune a ƙasa, rufin ajujuwa a yaye. Amma su waɗancan malaman an gwada su. Kai wa ya gwada ka? Ga tambaya ɗaya, kuma ban da kiran uwargida: sulusi a tara da rubu'i, nawa ke nan? Ina jira.

Su Amurkawan da kake kwaikwayo, tun 1993 karatun gida ya halatta a duk jihohinsu 50, sai dai ba sakaka ake yin sa ko'ina ba. A jihar New York sai uba ya miƙa wa hukumar ilimi tsarin abin da zai koyar, ya riƙa kai rahoto sau huɗu a shekara, a ƙarshenta a auna yaron. Galibi kuma ɗaya daga cikin iyayen ne ke ajiye aiki ya zauna da yara, ga ɗakin karatu a unguwa, ga wuta ba ta ɗaukewa. A Jamus ma haramun ne ɗungurungum, har wani iyali mai suna Romeike suka tattara suka gudu Amurka a 2008 neman mafaka a kan wannan. A nan gida, dokar UBE ta 2004 ta wajabta wa uba ya kai ɗansa firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9. Wanda ya ƙi, karon farko jan kunne, na biyu tarar naira 2,000 ko wata ɗaya a gidan yari. Tarar ba ta kai kuɗin kaza ba yanzu, amma watan nan ɗaya zan so in zo maka ziyara da ƙullin ƙuli-ƙuli.

Bari in karanta maka jadawalin makarantar taka yadda makwabta suka ba ni. Ƙarfe takwas hedimasta ya rubuta kwanan wata a allo, takwas da kwata waya ta yi ƙara, ya saɓa babbar riga ya ce yanzu zai dawo. Tara an aiki babban ɗalibi sayo magi da tattasai. Goma baƙi sun zo barka, an naɗe tabarmar aji an shimfiɗa musu. Sha ɗaya aka miƙa wa yara waya su kalli darasi a YouTube, kafin azahar sun ƙare a katun, data ta ƙare a kansu. Mataimakiya na fama da tukunya da goyo, tana jefo "ku yi karatu mana" daga madafa. Hedimasta ya dawo bayan isha ya tambaya ko an yi aikin gida. Ina kuma aka yi na makaranta?

Na ji kana kafa hujja da Nana Asma'u, wai ai a gida ta yi karatu har ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Haka ne. Sai dai mahaifinta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, gidan kuma cike da malamai maza da mata. Kai izu nawa gare ka?

Akwai kuma abin da falonka ba zai taɓa koyarwa ba ko da ka iya sulusi. A makarantar gwamnati ɗan mai shayi da ɗan alƙali benci ɗaya suke, tsintsiya ɗaya suke karɓa ranar shara. Can yaro ke koyon bin layi a asambili, a rubuta sunansa cikin masu surutu, a cinye masa kuɗin tara, ya yi faɗa ya yi sulhu kafin a tashi ba tare da uwarsa ta leƙo ba. Ni tsorona ma kada yaran nan su tashi ba wanda suke ji sai kai, su zo Kano suna "matana ya dawo", a ce jinina ne. Ga kuma jarrabawa: ranar da za a rubuta ta gama ƙaramar sakandare ko WAEC ta 'yan makaranta, sunan wace makaranta za ka cike, Falo Academy?

Shawarata kyauta ce, abin da ba kasafai ake samu wurin Bakano ba. Mayar da su aji ranar Litinin. Farin allon ka bar shi inda yake, bayan la'asar ka zauna ka duba littattafansu na rabin awa, wayarka a kashe. Ranar taron iyaye da malamai ka je da kanka maimakon aika uzuri, in an ce babu benci ka sa hannu a aljihu, in malami ba ya zuwa ka tsaya a gaban hedimastan gaske ka faɗa. Wannan surutun naka da ya hana mu sakat a majalisa, can ne yake da kasuwa.

Muharram ya kusa, ka tanadi kuɗin sharata. Bana ba na karɓar fate a madadi, kuma ka haɗo da amsar lissafin nan a rubuce, da hannunka.