Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Biza

Ranki ya daɗe,

Na rubuto ne kan maganar da masu sayar da tikiti a Kano suka daɗe suna yi a bayan idonki. Kamfanonin jiragen sama suna ta rage farashi, suna ƙara wa fasinja kilon kaya don su ja shi, amma ke kike raba musu kasuwa, alhali ko fiffiken jirgi ba ki mallaka ba.

A watan Nuwamban 2023 jirgin Air Peace ya taso daga Legas, ya biyo ta Kano, ya sauka Jidda da fasinjoji 264. Suna sauka aka ce an soke ki a fasfo ɗinsu. Sai da jami'an jakadancin Najeriya suka sa baki aka bar mutum 87 suka shiga, sauran 177 aka juyo da su gida. Saudiyya ta ce ba su cika sharuɗɗan irin bizar da suka karɓa ba, kamfanin kuma ya ce an tantance su kafin tashi. Ko ma wa ke da gaskiya, labarin da ya zagaya kasuwa ɗaya ne: jirgin gida ya kai mutane an koro su. Mai niyyar Umara na gaba, in ya zauna gaban ejan, abin da zai fara tambaya shi ne, "Ba wani jirgin?" Ba tallar da za ta goge wannan cikin sauƙi. Kuɗin da aka biya miki kuwa, kin san ba ki mayarwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Dubai ma haka. A 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta rufe ƙofarki ga 'yan Najeriya, kamfanin jirgin Emirates kuma ya janye daga Najeriya saboda kuɗin tikitinsa sun maƙale, babu dalar fitar da su. Sai a Yulin 2024 aka sanar da sassauci, jirgin ya dawo Legas ranar 1 ga Oktoba. Masu sarin abaya da turare da gwal ba su naɗe hannu ba, da yawa suka koma tura kuɗi ana aiko musu kaya ta kago, kuma wanda ya saba ciniki ta waya ba lallai ya sake sayen kujera ba.

Akwai kuma ƙanwarki, bizar yada zango, wadda ta fi ki rashin kunya. Mai koren fasfo da zai sauya jirgi kawai a Faris ko Landan, ko ƙofar filin jirgi ba zai leƙa ba, sai ya neme ta, in dai ba ya riƙe da wata takarda kamar bizar Amurka. Shi ya sa mutanenmu suka fi sanin kujerun jira na Adis Ababa da Alƙahira da Doha. Ethiopian da EgyptAir da Qatar sun iya aikinsu, ban musa ba, amma ke ma kina tura musu fasinja kyauta.

Abin da ke ba ni haushi shi ne hukumominmu sun fi zafi kan gurbin sauka. A Disamban 2021, da aka ba Air Peace gurbi ɗaya a Sharja ta Daular Larabawa maimakon ukun da ya nema, Najeriya ta zaftare zirga-zirgar Emirates daga 21 a mako zuwa ɗaya. Madalla da wannan ramuwa. To amma in an samo gurbin, fasinja ba su same ki ba, kujeru za a ɗauka zuwa can? Duk yarjejeniyar sufurin sama da aka sa wa hannu ba a kawo zancenki kan tebur ba, rabin aiki aka yi.

Ban ce ki buɗe ƙofa ga kowa ba, kowace ƙasa da dokarta. Roƙona, in za ki ƙi mutum, ki ƙi shi tun yana gida, kafin ya biya tikiti, ki kuma faɗa masa dalili.

Wassalam,
Wani matafiyi daga Fagge